Kwamfutar da Baba Ya Lulluɓe

Duk unguwar an ɗauka Injiniya gyaran firij take yi, kuma mahaifinta ne ya baza labarin. Ba da mugunta ba. Sau ɗaya ya ji ta ambaci zafi da sanyi, shi ke nan ya yanka mata sana'a, har maƙwabta suka fara aiko mata da matattun fankoki. Abin yana ƙona mata rai, don ba ta da burin da ya wuce Baba ya san abin da take yi.

Aikinta kuwa lissafi ne. Idan za a jera ƙarfe, a bi shi da roba, a ɗora soso, kwamfutarta ce ke rarraba kowane hawa ƙanana-ƙanana, ta bi zafi taki-taki, ta ga inda zai ratsa da inda zai maƙale. Lissafin da ta kunna tun farkon mako ya kusa kammala, shugaban sashensu yana jiran sakamako.

Da safen nan ta sake gwada sa'arta. Ta jera tire da tawul da bargo a gaban Baba.

"Baba, kowane hawa yana rage wa zafi gudu. In aka jera su daidai, da ƙyar zai wuce."

"To, to," in ji Baba, yana murɗa rediyonsa.

Ta haɗiye takaicinta ta tafi ofis, ta bar kwamfutar tana aiki a teburin bakin taga.

Da yamma ta dawo ta tarar da wani ƙunshi a kan teburin, an naɗe shi tsaf kamar jariri. Baba yana tsaye a gefe, hannu a baya, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Rana ce ta faɗo ta taga tana dukan na'urarki," ya ce. "Na ce ina, ba a gabana ba! Tawul a ciki, sai bargo, sai leda, na kife tire mai ƙyalli a sama. Taɓa ki ji."

Ta taɓa, ko ɗumi babu. Ta fara warwarewa. Tana isa ga tawul ta janye hannu da sauri. Kwamfutar ta dahu a ciki har ta kashe kanta, lissafin mako ya bi iska.

Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai idonta ya sauka kan naɗin. Ko kusurwa ɗaya Baba bai bari a buɗe ba. Ashe duk murɗe-murɗen rediyon nan kunnensa yana wajenta.

"Baba," ta ce a hankali, "zafin waje kam ka tare shi. Amma ita ma tana da nata a ciki, ka toshe masa hanyar fita."

Baba ya samu kujera ya zauna.

"Wato bargon bai san na gida da baƙo ba?"

"Bai sani ba."

"Kai! Shi ya sa kike lissafi kafin a jera?"

Ta gyaɗa kai. Ta sake kunna aikin daga farko, ta kira shugabanta a waya za ta ba shi haƙuri, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, riƙe da dutsen guga mai tsinkakkiyar waya. Baba ya riga kowa isa.

"Koma da abinki, 'yata ba gyara take yi ba. Ita ke gano inda zafi zai bi tun kafin a ƙera abu. In kina musu, shigo ki ga ɓarnar da na yi da ban tambaye ta ba."

Shugaban yana ta "Halo? Halo?" a kunnenta. Injiniya kuwa sai dariya take yi, tana share hawaye.