Sunan da Adama Za Ta Kira

Da dai Hamdiya ba ta yi kuka ba, babu abin da zai kai Adama filin ƙwallon kwando. Yarinyar ta ce iyayen kowa na zuwa, ita kaɗai ce kamar marainiya. "Umma, ko sau ɗaya in ji muryarki a cikin mutane."

To ga ta a kan benci, ana fara wasa sai wuri ya ɗauka: "Sale! Sale!"

Ta gyara mayafi tana waige-waige. Mijinta da ya hau motar Abuja tun da safe, me ya dawo da shi Keffi? Kuma waɗanne marasa kunya ne ke kiran sunansa gatsal haka?

Budurwar da ke gefenta, wata Priskila 'yar Sabon Gari, ta yi dariya. "Mama, 'yarki ake nufi. Sunan babanta ne a bayan rigarta."

"Ikon Allah! Ita ce Salen?"

Ba ta gama haɗiye wannan ba, wasu samari suka ɓarke da "Falwaya! Falwaya!"

"Wannan kuma wace ce?"

"Ita ce dai, saboda tsayinta. Waɗanda ba su san ta ba su ce Sale, 'yan ajinsu su ce Hamdiya, masoyanta na gaske su ce Falwaya."

Kan Adama ya ɗaure tamau. 'Ya ɗaya ta haifa, ga shi an raba ta uku. Ita kuma wanne za ta ɗauka? Hamdiya 'yar fari ce, bakinta bai taɓa furta sunan ba. Sale mijinta ne, Allah ya kiyaye. Falwaya kuwa, haba, ita ta haifi turken lantarki?

Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe. Hamdiya na ta satar kallon benci, fuskarta na ƙara ɓaci. Tausayi ya kama Adama, ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Can ta miƙe tsaye, ta ƙwala da iya ƙarfinta:

"Ke! 'Yar nan!"

'Yan mata goma ne a filin, ɗaya ce ta tsaya cak ta waiwayo. Aka zare ƙwallon daga hannunta, mutane suka dafe kai suna salati, ita kuwa tana tsaye tana dariya da hawaye.

Adama ta dubi Priskila a ruɗe. "Mun ci ne?"