Dorinar Bikin 'Yanci

Ana saura kwanaki a yi bikin samun 'yancin kai, Wakili ya aiko daga Bagudo cewa a kawo naman dorina, wai a nuna wa baƙi 'yan Dahome cewa mu ma mun isa. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa hawa ba!

Maidawa Basarke ne, masunci gaba da baya, ya san dokar ruwa tun yana goye: ba a jifar dorina lokacin barbara. Macen ɗa guda take haifa, sai ta shekara biyu kafin ta sake, namijin kuwa a wannan lokaci ba ya ji ba ya gani. Amma an yi masa alkawarin sarautar ruwa in ya kawo naman, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Ƙanensa Ɗanaudu, wanda matarsa Asibi ke da tsohon ciki, shi ya riƙe masa filafili. Can ƙasa da Lolo suka hangi wani ƙaton namiji a ruwa marar zurfi, bayansa duk a waje.

Ɗanaudu ya ce, "Yaya, mu koma. Wagga tsayuwa tashi ba ta yi min ba."

Maidawa ya ce, "Shi ɗai na. Matsa."

Ba shi kaɗai ba ne. Macen tana ƙarƙashinsa, ya danne ta cikin ruwa, yadda suke yi. Maidawa ya ɗaga zago, mashin nan mai igiya, ya kafa masa a wuya. Jini ya yi tsiri. Namijin ya yi ruri ya kife, sai ga macen ta ɓullo daidai gindin kwalekwalen, ta raba shi biyu kamar rake. Maidawa ya faɗa cikin ciyawa. Yana ji yana gani ta kama Ɗanaudu ta ƙugu, ta girgiza shi, ta jefar, ta sake cafewa. Ƙarar ƙashin har gaɓa aka ji ta.

Da la'asar namijin ya taso a mace. Ɗanaudu kuwa rabinsa aka samu aka rufe.

Aka yi biki, aka ɗaga tuta, 'yan Dahome suka yaba nama. Wakili, don rashin ta-ido, ya aika wa Asibi da yankin cinya cikin ƙwarya, kuma Maidawa aka ɗora wa.

Ta dubi naman, ta dube shi, hannunta a kan cikinta. Ta ce, "Yaya, ita macen, ita ma kun bar mata ciki ko hakanan kunka bar ta?"

Maidawa ya kasa sauke ƙwaryar daga kansa.