Shaidar Ya Kaka

Aisami mai hawan dabino ne a wani kwari kusa da Gidigir. Wata ranar kasuwar Gure ya ɗauko buhu biyu na dabino a bayan moto, wato babur, sai wani ɗan sanda ya tare shi a bakin gari. Gardama ta tashi a kan takardun moton. Ɗan sandan ya hankaɗa shi cikin rami, ya bi shi da gindin bindiga har ƙugunsa ya karye. Tun ranar bai sake hawan dabino ba.

Mutane da yawa sun gani. Amma da ya kai ƙara, mutum ɗaya ce ta yarda a rubuta sunanta, wato Ya Kaka, wata tsohuwa mai sayar da kanwa a bakin hanya.

Ta ce masa, "Ɗana, da idona na gani. Duk ranar da suka kira ni, zan je."

Aka ce masa an tura dosiye, wato takardun ƙarar, Damagaram. Bayan damina ya koma, aka ce yana Yamai. A shekara ta biyu aka ce an canza wa mai binciken ƙarar wurin aiki, sabon kuma bai karanta ba tukuna. Duk ranar kasuwa Aisami yakan dogara sanda ya je wurin Ya Kaka, ta tambaye shi, "Sun kira?" Ya girgiza kai.

A shekara ta uku ta daina fitowa. 'Yarta Yabawa ta ce tsohuwar ta fara mantuwa, har tana kiran sunayen waɗanda suka rasu.

Sai a shekara ta biyar wani mai bincike ya iso, mutum mai ladabi. Aisami ya raka shi gidan Ya Kaka. Mai binciken ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe littafinsa.

"Iya, kin tuna ranar da aka doki wannan bawan Allah?"

Ya Kaka ta daɗe tana kallon Aisami, sannan ta juya wajen 'yarta. "Wannan ɗan wane ne? Me ya sami ƙafarsa?"

Mai binciken ya rubuta layi biyu. Ya tambayi Aisami ko akwai wani mai shaida. Aisami ya ce babu.

"To, zan kai rahoto. Za a neme ka."

Yabawa ta kawo musu ruwa. Aisami ya sha, ya yi mata godiya, ya nufi tasha.