Inuwar da ke kan baranda

…ai ni na koya masa. Ni ɗin nan, direban ofis. Da ba don ni ba, da har yau Mai Tabarau yana zana gidaje a kwamfuta fes kamar sabulun da ba a taɓa wanka da shi ba. Ni na ce masa, ɗan'uwa, gidan nan naka ba rai, ko ƙadangare ba zai yarda da shi ba. To, ba haka na faɗa ba dai. Oga ne ya faɗa. Amma ina wurin, ina riƙe da makulli, na gyaɗa kai sosai.

Go-sulo. Kuma sai a nan, ƙarƙashin allon tallan gidan da ya zana? Kwana da kwanaki ina zagayawa da matata ta bayan kasuwa, wai hanya ta lalace… yau hanyar ta lalace da gaske. Ga uwar yarana a gefena tana duba waya. Ci gaba da dubawa, baiwar Allah, kar ki ɗaga kai.

Oga ya ce wai a sa ƙura a jikin bango, a sa shanya, a sa tabon ruwa ƙarƙashin taga. A sa mutane na gaske, ba waɗancan masu kamar robar shago ba. Ranar da ta kawo min abinci ofis, Mai Tabarau ya ce Hajiya ɗan tsaya nan jikin farin bango in ɗauke ki hoto. Ni ma ya ɗauke ni. Ya ɗauki Dogo mai awon fili. Kowa shi kaɗai, na rantse, da idona na gani, ko gaisawa ba su yi ba…

Sai ga su a allon, ita da Dogo, a baranda. Tare. Hawa na biyu, rana na faɗuwa, hannunta kan ƙarfe, nasa kusa. Ni kuwa? Can bakin get da tiyo, ina wanke motar mutumin. Motar Dogo! Dogo da ko keke sai ya ara.

Na ce wa Mai Tabarau, saboda tumbina ne? Ya ce a'a Kawu, tsawo ne, tsawon Dogo ya fi fito da girman ƙofa. Ƙofa. Shekara nawa da aure, ƙofa ta kayar da ni.

Duk wannan da sauƙi. Inuwar ce. Ya zauna yini guda yana gyara ta, wai inuwa ke sa ido ya yarda. Tata ta kwanta a bango, tasa ta kwanta a kai… sun haɗe. Wa ya aike shi? Na ce raba su. Ya ce rana ce ta haɗa, ba shi ba. Wace rana? Ranar da kai ka kunna da linzamin kwamfuta?

Kuma dariyar nan. Ba ta iya tsayawa hoto, sai ta ɗaure fuska kamar an kira ta shaida. Ni na tsaya bayan Mai Tabarau ina kwaikwayon tafiyar Oga har ta fashe. Tawa ce. Ni na yi guminta, aka yanko aka miƙa wa Dogo, har da haske a kumatu.

Ta ɗaga kai.

"Baban yara, ba ni ce waccan ba? Wane ne kusa da ni?"

"Ni ne mana. Kwamfuta tana ƙara wa mutum tsawo."

"Allah sarki. To wancan mai tiyon, da hular da na wanke maka jiya?"

Na baya yana ta hon. Hanya ta buɗe, ƙafata ta ƙi taka mai. Ba ni take kallo ba, sama take kallo, kuma ga dariyar nan tana dawowa… ni dai yanzu ban kwaikwayi kowa ba.