Littafin da Ba a Ara

Tsohon tela da mai gyaran agogo ba su iya zama su yi hira haka kawai ba, kowa da girman kansa. Littafi ne ke haɗa su. Tela ya karanta ya ba shi aro, mai agogo ya karanta ya dawo da shi da ƙafarsa, duk inda bai yarda da marubucin ba ya danna farce a gefen shafi. Sai su bi alamun suna musu har shayi ya huce. Tun rasuwar matar tela, ba mai taka ƙofarsa sai mai agogo.

Da tari ya kama tela, likita ya ce ƙurar takardu ce. Babban ɗansa ya kwashe littattafan a kwalaye ya bayar, ya kawo masa na'urar karatu, siririya kamar faranti.

"Baba, littattafai ne fal a ciki. Har girman rubutun kana iya ƙarawa."

"To wanne zan ba mai agogo?"

"Shi ma ya sayi tasa mana."

Yaron kirki ne, amma ba ya tambaya kafin ya yi alheri, kuma wannan laifi ne.

Tarin ya lafa, ido ya huta. Sai dai in ya kai ƙarshen labari ba wanda zai yi wa gardama. Mai agogo ya leƙo, ya kalli kantar littattafan da ba komai, suka gaisa, ya ɗan zauna, ya tashi. Bai sake zuwa ba.

Tela ya naɗe na'urar a ƙyalle ya tafi shagon mai agogo.

"Ungo. Ka karanta ka dawo da ita."

Mai agogo ya cire gilashin idonsa, ya juya ta. Ya ɗora yatsa a kan wani layi, shafin ya wuce.

"Ka gani? Ko taɓa ta ka yi sai ta gudu. Kuma in na ɗauka, kai ka karanta me, bango?"

"Ina ruwanka?"

"Riƙe abinka, tela. In ta fashe a hannuna, da wane ido zan kalli ɗanka?"

Tela ya karɓa. Ya daɗe yana gyara ƙyallen.

"To ka riƙa shigowa haka nan."

"In ce na zo yin me?"

Amsar tana bakin tela, gajeriya ce, amma bai saba faɗin irinta ba. Mai agogo ya ɗan jira, sannan ya mayar da gilashinsa ya sunkuya kan aiki.