Firjin da Ke Riga Mu Isa

Mayafina ne ya tona asirin, ba wayona ba. A asibitin unguwa na farko da muka shiga ran nan, na sunkuya in leƙa cikin firjin ajiye maganin rigakafi, sai mariƙin ƙofar ya kama gefen mayafin ya yage shi. Sabon mayafi ne kore, 'yata ta saya min, don haka na tsaya na harari mariƙin nan da kyau. Ya tsage daga ƙasa, an naɗe shi da baƙin salatif, wani ɗan ƙarfe ya leƙo kamar karyayyen haƙori. Jami'an ma'aikatar lafiya suka yi ta ba ni haƙuri, na ce ba komai, amma a raina da komai.

A lokacin ni ce shugabar kwamitin lafiya a majalisa. Gwamnati ta kawo sabon tsari: za a daina yi wa yara rigakafi a babban asibiti, a mayar da shi asibitocin unguwanni, don uwa ta huta da goya jariri ta hau mota biyu ta kuma yini a layi. Tsari ne mai kyau, ni ma na ɗaga masa hannu. Sai dai maganin rigakafi ba ya shiri da zafi. In ya kwana ba sanyi, ruwa kawai za a tsira wa yaro, uwa ta koma gida da murna alhali ɗanta na nan a buɗe ga kowace cuta. Shi ya sa majalisa ta gindaya sharaɗi: ba za a rufe sashen babban asibiti ba sai kwamitina ya je ya gani da idonsa cewa kowane asibitin unguwa na da firji mai aiki da sola. Ma'aikata ta ce an gama rabawa, sa hannunmu kawai ya rage.

Wanda bai taɓa zuwa ziyarar gani da ido ba, bari in gaya masa yadda ake yinta. Mu ne za mu sanar da ma'aikata ranar da za mu zo. Su ne za su aiko da bas mai sanyi, su zaɓi inda za a je, su shirya abinci a tsakani. Haka muka tarar, haka kowane kwamiti ke yi, har wasu sun ɗauka doka ce. Mutanen da za mu bincika su ne direbobinmu, su ne masu ciyar da mu, kuma ba wanda abin ya taɓa damu, har da ni.

Daga asibitin farko aka kai mu otal, aka jera kaji da lemo, wani darakta ya yi jawabi har kajin suka huce. A asibiti na biyu fenti bai ma bushe ba, 'yan jarida suka cika gaban firji da kyamarori, ban samu matsawa kusa ba. Aka sake ɗan hutu, wai a sha ruwa. Sai la'asar muka isa na uku, wanda ke cikin mazaɓata, inda 'yata ke kai jikana awo.

Na sunkuya, mayafi ya sake maƙalewa. Na duba, ga baƙin salatif, ga ɗan ƙarfen, ga kuma koren zaren mayafina na safe yana reto a jiki. Na miƙe a hankali na leƙa ta tagar baya. Wata akori-kura na fake a gindin bishiya, da katifa da igiyoyi a bayanta, direban na kwance yana fifita da kwali.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja malamar asibitin gefe, tsohuwar ungozoma ce da ta san ni tun kafin siyasa, na tambaye ta yaushe firjin ya zo. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce ɗazu, kuma an ce kada ta sa komai a ciki don anjima zai tafi. Ta nuna min wata kula a ƙarƙashin tebur. Ƙanƙara take saye ta zuba, in ta narke kafin azahar sai ta sallami iyaye su tafi babban asibiti. In aka rufe can, ta ce, ba ta san inda za ta tura su ba.

Washegari kwamiti ya zauna, muka tarar har an buga rahoto, ya ce kwamiti ya gamsu. Na ba su labarin mayafi. Wasu suka yi dariya, wasu suka shiga duba waya. Ɗan adawa guda da ke cikinmu ya yi tsalle, shi a kira 'yan jarida yanzu a rusa tsarin baki ɗaya. Na ce masa ni ba rusawa na zo yi ba, matan unguwarmu na son rigakafi kusa da gida, firji nake nema. Na ture rahoton na ce ba zan sa hannu ba, na ɗage zaman.

Kafin in isa mota, Bulaliyar jam'iyyarmu ya tare ni a baranda. Aikinsa ke nan, ya tabbatar kowa ya bi layi. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi jikana, sannan ya tuna min cewa an riga an sa ranar ƙaddamarwa, kuma kujerar shugaban kwamiti aro ce daga jam'iyya. Na ce na gode da tuni.

Ministan lafiya da kansa ya zo gidana da yamma. Abokin ƙanena ne, tun suna yara yake cin tuwon gidanmu, kuma ni har gobe Likita nake ce masa. Ya cire takalmi ya zauna a kujerar da ya saba, ya rame, idanunsa sun yi ja. Bai musa ba. Ya ce ɗan kwangila ne ya makara, firji na hanya, 'yan makonni kaɗan suka rage. Batun yawo da firji a mota kuwa, ya rantse bai ba da umarni ba, na kuma yarda, amma na lura bai ce bai sani ba.

“Yaya, ki rufa min asiri,” ya ce. “Tsarin nan ni na kawo shi. In aka ɗage, za su ce na gaza, su binne shi.”

“Likita, kai ka koya min abin da zafi ke yi wa maganin nan,” na ce. “A 'yan makonnin naka, yara nawa za a tsira wa ruwa? Jikana na cikinsu. Kawo firji, ni zan riƙe maka almakashin yanka ƙyallen ƙaddamarwa.”

Na ji tausayinsa sosai, don ba mugu ba ne, mutum ne da ya yi alkawari ya kasa dawowa ya ce bai cika ba. Na sa aka kawo masa abinci, ya ɗan taɓa, ya tafi.

Ranar zaman majalisa na miƙe da ƙuduri. Abin da na nema kaɗan ne: a dakatar da rufe sashen babban asibiti, kowane ɗan majalisa ya tafi asibitin mazaɓarsa a rana ɗaya, a lokaci ɗaya, cikin motarsa, ba bas ɗin ma'aikata ba abincinta, sannan minista ya zo zaure ya ji abin da muka gani ya ba da amsa. Na ɗaga mayafin na nuna yagar biyu.

A ƙa'idarmu, ƙudurin da ba wanda ya mara wa baya ya mutu a nan take. 'Yan adawa duk sun ɗaga hannu, amma na san in su suka mara, abin ya zama faɗan jam'iyya, namu masu rinjaye su kashe shi da ƙuri'a. Mutum ɗaya nake buƙata daga ɓangarenmu. Na juya na dube su. Maza manya da suka sha ce min uwa, kowa ya sami abin karantawa a kan teburinsa. Bulaliya na tsaye a baya ya harɗe hannu. Kakakin majalisa ya kau da kai daga 'yan adawa, ya tambaya ko akwai mai goyon baya daga ɓangarenmu, ya sake tambaya, ya kai hannu ga gudumarsa.

Sai aka ji kujera ta yi ƙara. Baba Na'am ne ke miƙewa. Dattijo ne da ya fi kowa daɗewa a zauren, ana ce masa haka don ba a taɓa jin ya ce a'a ba. Yawanci barci yake, in an zo ƙuri'a a taɓa shi ya ce na'am. Shi ma ɗan kwamitina ne, ya bi mu ziyarar, kuma ban ji bakinsa ba ko sau ɗaya.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa Kakaki, “ni ban san sola ba. Amma a asibitin farko na sa kwalbar lemona cikin firjin ta yi sanyi, na manta da ita. Da muka je na uku na buɗe, na same ta tana jirana. Na shanye abata. Na goyi bayan 'yar nan.”

Zauren ya fashe da dariya, har Kakaki ya sa hannu ya rufe baki. Dariyar nan ce ta kwance mutane. Bayanta ba wanda ya iya miƙewa ya ce ya gamsu, don zai zama shi ne abin dariyar. Aka kaɗa ƙuri'a, ƙuduri ya wuce, da yawa daga masu na'am ɗin ba su yarda mun haɗa ido ba.

Ranar da aka sa, kowa ya tafi mazaɓarsa. Wasu sai da suka tambayi hanya, abin kunya, asibitin da ke bayan gidan iyayensu. Da muka dawo zaure, Likita na zaune a gaba da jami'ansa. Kakaki ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce babu. Wancan ya ce akwai wurin da aka share aka ja waya, amma babu. Wani ya ce ya tarar da faifan sola a kan rufi, ba a haɗa shi da komai ba. Kaɗan ne suka ce akwai. Ɗan majalisar da firjin mai salatif ya kwana a mazaɓarsa ya ce shi dai ya samu, ya kuma gaishe shi a madadinmu.

A wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Mutane sun ga kuloli da narkakkiyar ƙanƙara, sun ga mata zaune a benci da jarirai, kuma matan sun gan su. Wani da ya fi kowa kare ma'aikata a kwamiti ya tashi yana faɗa, don ƙanwarsa ya tarar a layi.

Na yi wa Likita tambayoyina a tsaye, da sunan ofishinsa. Wa ya ce an gama rabawa? Wa ya ba da motar? Yaushe firji zai iso, kuma wa za a kama in bai iso ba? Ya amsa wasu, ya nemi lokaci a kan wasu. A ƙarshe ya ce ya yaudari majalisa da rahoton da bai tantance ba, ya nemi afuwa. Majalisa ta yanke cewa sashen babban asibiti zai ci gaba da aiki, kuma ba za a mayar da rigakafi kowace unguwa ba sai ɗan majalisarta ya sa hannu cikin firjinta ya ji sanyi. Da zai fita ya wuce ta gabana bai gaishe ni ba, abin ya yi min ciwo.

Ba a yi mako ba aka yi wa kwamitoci garambawul. Aka ɗauke ni daga lafiya aka kai ni kwamitin kula da harabar majalisa, in riƙa duba furanni da fitilu. A baranda kuwa sunana ya koma Hajiya Firji. Ina amsawa, har in ɗaga hannu.

Bayan wani lokaci ungozoma ta kira ni ta ce baƙo ya zo. Na ɗauki 'yata da jikana muka tafi a motata. Firji ne fari fes, da ledarsa, mariƙinsa lafiya lau. Na buɗe na zura hannu har gwiwa, na bar shi har yatsuna suka fara ciwo. Aka yi wa jikana allura ya tsala ihu, ni kuwa ina ta murmushi kamar an yi min kyauta.

Ungozoma ta rufe ƙofar firjin a hankali, ta tsaya tana kallonsa. “Hajiya, wannan zai kwana?”

Na ce zai kwana. Mijin 'yata mai walda ne, na kira shi ya zo da injinsa, ya yi wa firjin keji na ƙarfe ya kafe shi da ƙasa. Yana aiki ina zaune a benci tare da matan unguwa, ina tambayarsu wane asibiti ne har yanzu ke sayen ƙanƙara. Suka ambata min na bayan kasuwa da na gefen tasha. Ba ni da kwamiti, amma ina da kujera a zaure da damar yin tambaya, kuma minista zai dawo gabanmu mako mai zuwa. Na ce wa surukina kada ya mayar da injin gida, ya bar shi a bayan motata, don su ma in nasu firjin ya iso keji zai shiga.