Kason Mai Saurare

Na'urar tana ɗakin ƙasa, inda sanyi ya fi yawa. Aikinta aika ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya ta wayar gilashi zuwa wani asibiti a ƙetaren gari. Da waɗanda suka isa lafiya ake haɗa mabuɗin da ke kulle bayanan marasa lafiya. Duk wanda ya taɓa su a hanya sai ya bar kuskure.

Dakta, mai aikin, ta rubuta dokar a allo tun farko: duk kuskuren da ya bayyana, a ɗauka wani ne ke saurare, mai kayan aikin da babu irinsu. A yanke kasonsa a zubar. Abin da ya rage shi ne mabuɗi.

Tun da aka shimfiɗa sabon titi a kan wayar, kuskure ya yi yawa har babu abin da ke saura na mabuɗi.

"Girgizar tireloli ce, Dakta," in ji Dogo, mai kula da na'urar. "Ɓarawon naki siminti yake ɗauka."

"Na sani."

"To ki cire su daga lissafi mana."

"In na cire, mai saurare sai ya laɓe bayan tirela."

Ta rage ƙarfin hasken, ta ƙara, ta sauya lissafin. Kwamfuta ta ci gaba da nuna sifili.

Shugaban sashe, tsohon malaminta, ya sauko da kansa, yana dafa bango.

"'Yata, asibiti sun gaji. Ko mabuɗi, ko su karɓe wayarsu a rufe ɗakin nan. Ki rubuta girgiza ce. Kowa ya sani."

"Ranka ya daɗe, kai ka koya mini sanin kowa ba hujja ba ce."

"Lokacin ina da ƙuruciya. Duk shekarun nan kina gadi, kin taɓa ganin ɓarawon?"

"In ya iya aikinsa, ba zan gan shi ba."

Ya dube ta, ya dubi allon, ya koma sama a hankali.

Da safiyar rufewa Dogo ya zare wayar, ya sa mata murfi. Wata tirela ta wuce, ruwan da ke kofin Dakta ya yi rawa.

"Ga mutuminki ya zo sallama," in ji shi. Ya ɗauki tsumma. "In goge allon?"

"Bar shi," in ji ta, tana naɗe rigar sanyinta. "Abin da ke jiki daidai ne."